Tsaga a Gidan Magini

Hindawiyya, Makka
3 ga Rajab

Zuwa ga maigidana Uzairu, wanda ya tsere Masar ya bar ni ba ko sallama ta kirki,

Assalamu alaikum. Tsohuwar matarka ce ke gaishe ka, gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan 'yar takarda. Yaya karatu, yaya sanyin Alƙahira da aka ce yana shiga har ɓargo? Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwa tana nan da halinta. Kunnen hagu ya ajiye aiki gaba ɗaya, na dama kuma sai ran da ya ga dama yake fitowa. Don haka kada ka ce me ya hana ni kiranka a waya. In na kara ta sai in ji ka kamar daga cikin rijiya, in na ɗaga murya kuma duk layinmu ya ji, alhali maganar da zan yi maka ba ta layi ba ce. Khairiyya maƙwabciyata, mai sarin jallabiyoyin Masar, ita za ta riƙa kai maka tana kawo mini amsa, tun da ba ta rufa mako biyu ba ta hau jirgi ba. Ba ta iya karanta Hausa ba, sai da na gwada ta kafin na ba ta.

Mahaifiyarka ta aiko daga Kano cewa an sa ka cikin masu auna dalar Fir'auna. Na yi dariya har na ƙware. Duk injiniyancin da aka tura ka koyo, kabarin mutanen da suka mutu tun kafin Annabi Musa ka samu ka yi wa hidima? Ni ma fa na san dala, kada ka raina ni. Ubana ɗan dako ne a dalar gyaɗa. Ina yarinya nake kai masa abinci, in ɗaga kai ina kallon buhu kan buhu har wuyana ya ƙage. Sai dai waccan ba ta shekara biyu ake kwashe ta.

To, ka gyara zama.

Gidan nan ya tsage. Ka san kakanka da hannunsa ya gina shi, shekara hamsin da ɗaya ke nan, ranakun Juma'a in ya huta da ginin mutane, ni ina ɗebo masa ruwa a garwa. Tun watan jiya aka fara haƙa rami a bayanmu, wai imara za a yi, dogon bene mai hawa goma sha wani abu. Ramin nan in ka jefa gidanmu ciki ba za a ga rufinsa ba. Ba a yi kwana goma da farawa ba na ga wani abu kamar silin gashi a bangon ɗakina, daga kusurwar taga ya hau har rufi, daidai saman gadona. Yanzu tsinken tsintsiya yana shiga. Da rana in motocin haƙa suka kama aiki sai in ga yashi yana tsiyaya a kan sallayata.

Ina jin tsoro, Uzairu. Na rubuta wannan na so in goge, na dai bari.

Kawunka bai sani ba, kuma ba na so ya sani. Shekara uku yana neman dalilin da zai kwashe ni zuwa shuggarsa, ɗakunansa na bene a unguwar Shara'i, hawa na tara, inda sai an rufe mutum cikin akwatin ƙarfe, wai asansir, an ja shi sama kamar guga. In kuwa baladiyya, hukumar gari, ta ji, jan fenti za a shafa mini a ƙofa, shi ke nan gidan Malam kakanka ya zama kango. Na rataya darduma a wurin, in ya zo ba ya gani.

Kai ne kake kwana kana tashi da ginin da ya yi shekara dubu huɗu bai faɗi ba. Ka tambayo mini mutanen nan me suka yi. Ka aiko mini da magani, kuma ka yi mini alkawarin shiru. Miji dai shi ke rufa asirin matarsa.

Kakarka,
Zubaidatu

Alƙahira
12 ga Rajab

Zuwa ga amaryata Hajiya Kaka,

Wa alaikumus salam. Na karɓi takardarki daga hannun Anti Khairiyya tare da dabino, Allah ya saka da alheri. Ina lafiya. Allah ya sassauta gwiwa, kunnen nan kuma ki gaya masa ina gaishe shi.

Na karanta sau uku, kuma ban ji daɗi ba. Na yi miki alkawari ba zan gaya wa Kawu Dauda ba, amma ki yi abin da zan faɗa miki.

Bari in fara biyan bashin labari. Babbar dala ta Giza duwatsu ne sama da miliyan biyu, yawancinsu kowanne ya fi taksin Kawu nauyi. Ba aljanu ba ne suka ɗora su, Kaka, na san abin da za ki ce ke nan. An tono ƙauyen ma'aikatan, ga wurin gasa burodinsu, ga kaburburansu, har da ƙasusuwan waɗanda suka karye aka yi musu ɗori suka warke. Ba su da ƙarfe irin namu, da kurfin jan ƙarfe da dunƙulen dutse mai tauri suke sassaƙa. A ɗora dutse a kan katako, mutane su ja da igiya, wani yana gaba yana zuba ruwa a yashi don ya yi tauri kada katakon ya nutse. Farin dutsen da aka yi wa dalar riga da shi a kwalekwale aka ƙetaro da shi kogi. Jan dutsen ciki kuwa daga Aswan aka kawo, tafiyar da ta kusa ninka Makka zuwa Madina.

Ga inda ya shafe ki. A tsakiyar dalar akwai ɗakin sarki. Rufinsa dogayen duwatsu tara ne a jere kamar azara, a samansu kuma aka bar wasu ƙananan ɗakuna biyar, ɗaya kan ɗaya, don kada nauyi ya zauna musu kai tsaye. Duk da haka azarun nan sun tsage. An samu inda magina suka shafa jibis a kan tsagar, kuma masana da yawa suna ganin sun yi haka ne don su gane ko tana ci gaba. Har yau muna yin irinsa.

Ki sa a sayo jibis, farar hodar nan da kakana yake gyaran silin da ita. Ki kwaɓa kaɗan, ki shafa faɗin tafin hannu a kan tsagar, ya kama ɓangare biyu, kada ya yi kauri. Ki rubuta kwanan wata a gefe. Kullum da safe ki duba. In ya tsage ki sanar da ni.

Kuma don Allah ki janye gadon daga wurin.

Mijinki mai gudun cefane,
Uzairu

Hindawiyya
24 ga Rajab

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ina nan ƙalau, sai tari kaɗan saboda ƙurar masu haƙa. Ina fatan kai ma haka, kuma kana cin abinci, don Khairiyya ta ce ka rame kamar an wanke ka an shanya. Ta ce wake suke ba ka safe da yamma. Allah ya ƙara, wa ya ce ka bar tuwona?

Labarinka ya yi daɗi, har na ba matan layi ranar Alhamis. Na ɗan ƙara masa gishiri, ka yafe ni. Na ce mai zuba ruwan nan shi ya fi kowa wayo a Masar, mutum ɗari suna nishi da igiya, shi yana gaba da ɗan tulunsa yana rangaji, in an zo rabon burodi kuma shi ne farkon layi. Na ce daga zuriyarsa mijina ya fito, shi ya sa ya koma can neman dangi. Sun yi dariya har wata ta zubar da shayi. Ba su san me ya sa nake tambayar ginin Fir'auna ba.

Na yi aikinka ranar sha huɗu ga wata. Na ciro cokalin ginin kakanka daga ƙarƙashin gado, na goge tsatsarsa da toka. Ashe hannu ba ya mantuwa. Yanzun nan na ɗaga darduma na duba, farin tambarinka yana nan fes, sumul, ba tsaga ko ɗaya. Jibis ɗin naka dai akwai ci, har na sake aikawa a ƙaro.

Gado kuwa yana inda yake. Nan mukayyif yake huro sanyi, nan kuma Malam ya ajiye shi. Mace ba ta sauya wa miji wurin kwana don ya mutu.

Abu ɗaya ke damuna da kai. Ka ce rufin ɗakin sarkin nan a tsage yake, kuma ka iya kwatanta shi kamar wanda ya tsaya a ƙarƙashinsa. Shiga kake yi ke nan? Uzairu, dutse miliyan biyu a saman kanka? In ya ga dama ya zauna, da wane cokali za a tono ka? Ka tsaya a waje ka riƙe musu igiyar awo, babu wanda zai ce ba ka yi aiki ba. Tun da na karanta nake ganin abin a idona ko ina tsakiyar salla, Allah ya yafe mini.

Ka ƙaro labari. In ina karantawa ba na jin ƙarar motocin nan sosai.

Zubaidatu

Alƙahira
5 ga Sha'aban

Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, waken ma lafiya. Allah ya yaye tarin, ki riƙa rufe taga in suna aiki.

Wallahi sai da na yi ajiyar zuciya da na karanta takardarki. Kwana goma jibis bai motsa ba, alama ce bangon ya ɗan zauna ya tsaya. Na nuna wa malamarmu, Dakta Tahani, ba tare da na ce gidan wa ba ne, ta ce haka ne, amma a ci gaba da dubawa. Na fi mako biyu ban yi barcin kirki ba, yanzu na samu.

Tun da kin matsa, i, ina shiga, amma mu ba a Giza muke aiki ba. Muna Dahshur, kudu da nan, a wata dala da ake kira Tanƙwararriya. In kin gan ta za ki ce mutum biyu ne suka yi gardama a kanta. Daga ƙasa ta miƙe tsaye-tsaye, tana kaiwa wajen rabi sai ta kwanta, kamar an danna mata kai. Sarki Sinefuru ne ya sa a gina ta, uban mai babbar dalar Giza. Abin da galibin masana suka fahimta shi ne ƙasar wurin ba ta da ƙarfi. Ana cikin gini nauyi ya fara dannawa, ƙasa ta fara zama, ɗakunan ciki suka fara tsagewa. Magina suka yi duk dabarar da suka sani. Suka ƙara wa gindin kauri. Suka cike tsagogi da jibis. Suka kawo gungumen itacen al'ul daga Lubnan suka tokare bangon ɗaki ɗaya, itacen yana nan har yau, na taɓa shi da hannuna. Suka rage miƙewar saman don nauyi ya ragu. Daga baya sarki ya sa aka matsa arewa kaɗan aka fara wata sabuwa, aka kwantar da ita tun daga tushe, ita ce Jar Dala.

Shigar ba daɗi, gaskiya. A sunkuye ake gangarawa wata doguwar hanya, ga zafi ga warin jemage. Aikinmu mu duba alamomin da aka manna a kan tsagogi, mu rubuta ko sun motsa. Sun daɗe ba su motsa ba, don haka ki kwantar da hankalinki. Wanda ke motsi shi ake tsoro. Da a ce naki yana fashewa duk bayan 'yan kwanaki, da yau ba labari nake ba ki ba, da cewa nake ki fita ko takalmi kada ki tsaya ɗauka.

Mai zuba ruwa,
Uzairu

Hindawiyya
17 ga Sha'aban

Uzairu,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki dai da sauƙi. Ban san yadda zan fara ba, takarda ta uku ke nan, biyu na yaga.

Layin ƙarshe na wasiƙarka na karanta shi ya fi sau goma. Ka ce da yana fashewa. To, yana fashewa.

Na farko kwana shida ya yi. Na ɗaga darduma na ga ya rabe biyu, na ce kai, Zubaidatu, kin tsufa, kwaɓinki ya yi ruwa. Na kankare na sake. Na biyu ya yi kwana huɗu. Ran da na rubuta maka cewa yana nan fes, da safiyar nan na shafa na uku, ko gama bushewa bai yi ba. Ban yi maka ƙarya ba, fes ɗin yake. Ka ce in ya tsage in sanar da kai, na ce me zan sanar, cewa matar magini ba ta iya kwaɓi ba? Kuma ni magani na roƙe ka. Na ɗauka in magani bai kama ba sai a ƙara.

Ka kuma san gidan nan. Kakanka bai taɓa barin tsaga ta kwana a bangonsa ba. Ko baƙo yana zaune, in idonsa ya kai kan wata 'yar ɓaraka zai ce a gafarce shi, ya tashi ya kwaɓa. Yakan ce duk wanda ya ga gidan magini a tsage ba zai ba shi nasa ba. Ga azumi ya matso, mutanen Kano masu Umra za su fara zuwa gaishe ni, kowa ya shigo sai ya ce a nuna masa ginin Malam. In bar musu baki buɗe a bango?

Da na gaji na haɗa da siminti na yi masa kauri. Wannan ya riƙe, har na yi murna. Sai wata sabuwa ta buɗe a gefensa, tazarar yatsa uku, ta bi ta sama ta haɗu da tsohuwar. Na koma jibis. Jimla sau tara ke nan. Na jiya da hantsi na shafa, kafin la'asar ya rabe.

Yanzu ɗan yatsana yana shiga har gaɓa ta biyu. Da azahar in na kara ido ina hango hasken waje. Ƙofar ɗaki ta daina rufuwa sai na sa kafaɗa. Shekaranjiya lemon tsami ya faɗi daga hannuna a tsakar ɗaki, ya gangara shi kaɗai har gindin bangon nan, kamar an kira shi. Na tsaya ina kallonsa, na kasa zuwa in ɗauko. Yana can har yanzu.

Ka ce sarkin nan ya yi ta toshewa, daga baya ya koma wani wuri. Shi sarki ne, yana da wani filin, yana da mutum dubu masu jan igiya. Ni wannan ne kawai. A nan na yi wa Malam wanka, a nan aka ɗauke shi. In na fita ba za a bar ni in dawo ba, ka sani na sani.

Ka gaya mini akwai wata dabara. Itacen Lubnan ɗin nan, ba a samun irinsa a Makka? Zan sa a tokare. Ka tambayi malamarku.

Alkawarinka yana wuyanka.

Kakarka

Alƙahira
21 ga Sha'aban

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan a tsaye a masaukin Anti Khairiyya, gobe za ta juya.

Na karya alkawari. Ina gama karantawa na kira Kawu Dauda, na gaya masa komai, har da lemon. Yana kan hanyar Jidda da fasinja, ya ce ya juyo. Kafin wannan takarda ta iso ki kin riga kin gan shi.

Jibis ɗin ba magani ba ne, Kaka. Ba ya riƙe komai. An sa shi ne don ya fashe ya ba da labari, kuma sau tara yana gaya miki bangon yana tafiya, kowane karo da sauri fiye da na baya. Laifina ne. Kin ce in aiko da magani, na aiko da ma'auni ban bambanta miki da kyau ba. Kin rubuta mini cewa kin ƙaro jibis, ɗan tafin hannu ɗaya ba ya cinye leda guda, ya kamata in tsaya a nan in tambaya. Ina ta murna na wuce. Wata guda muka yi asara.

Babu itacen da zai tokare shi. Ƙasar da ke ƙarƙashin bangon ce take zamewa cikin ramin.

Ki zage ni, ki daina kula ni, duk na ɗauka. Ki fita kawai. Ki yi haƙuri da rubutun.

Uzairu

Alƙahira
29 ga Sha'aban

Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina yi miki barka da shigowar azumi. Kawu ya ce kina wurinsa, kina cin abinci kaɗan, kuma baladiyya ta rufe gidan ta tsayar da haƙa. Ya ce gidan yana nan tsaye, kuma kullum sai kin tambaya, in an ce yana tsaye sai ki ce to a gaya wa injiniya. Ya ce in an ambaci sunana kina juya kunnen hagu.

Anti Khairiyya ta zo hannu wofi. Na tambaye ta sau biyu ko ta manta takardarki a jaka.

Ban san yadda aka yi kika yarda kika fita ba, Kawu ya ƙi faɗa mini. Ko gidan ya shekara ɗari a tsaye, da za a sake, haka zan sake yi. Amma ki rubuto, ko zagi ne.

Jikanki,
Uzairu

Shara'i, Makka
9 ga Ramadan

Zuwa ga maci amana, ɗan gidan mai zuba ruwa,

Wa alaikumus salam. Barkanmu da shan ruwa. Ina lafiya. Ina hawa na tara kamar tantabara, in na leƙa taga mutane kamar ƙwayar gero. Matar kawunka tana kula da ni har ya yi yawa, ko cokali na ɗauka sai ta karɓe.

Na san kawunka ya gaya maka a waya abin da ya faru ranar huɗu ga wata. Amma shi bai iya ba da labari ba, tun yana yaro in ka aike shi kallon biki zai dawo ya ce an yi. Bari ka ji daga bakin mai shi.

Ranar da ka tona ni, bayan azahar na ji an tsayar da mota a tsakiyar layi, ko kashe ta ba a yi ba. Ya shigo ba sallama, ya wuce ni, ya fizge darduma. Ya tura hannunsa cikin tsagar, yatsu huɗu suka shige. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Hajiya, ɗauko mayafinki."

Na ce, "Ba inda za ni. Wanda ya aiko ka ya zo da kansa."

Na shirya masa maganganu, Uzairu, tun shekara uku nake tara su. Ina jira ya ce shugga in ce kabari, ya ce asansir in ce guga. Sai ya tuɓe takalmansa ya jera su a bakin ƙofa, ya hau gadona, ya kwanta daidai ƙarƙashin tsagar, ya harɗe hannu a ƙirji.

Na ce, "Wane irin iskanci ne wannan? Ƙato da furfura a gadon uwarsa?"

Ya ce, "A ɗakin nan kika haife ni. In kina ciki ina ciki."

Na ce ya tashi. Ya rufe ido. Na zauna a kujera na ce to mu gani wa zai gaji, ni da na yi naƙudarsa kwana biyu. Muna nan zaune har masu haƙa suka dawo daga cin abinci suka tayar da motoci. Ƙasa ta fara wannan rawar tata. Yashi ya fara zuba, a kan fuskarsa yake sauka, a gira, a gemu, bai ko share ba. Ni wata biyu yashin nan yana zuba a kaina ina kakkaɓewa ina cewa ba komai. Da na gan shi a fuskar yaron nan sai na kasa cewa ba komai. Sai wani ɓangaren filasta, girman burodin tamis, ya ɓanɓaro daga sama ya faɗi a kan matashi, tsakaninsa da kunnensa bai kai tafin hannu ba.

Ka san ɗan fari ne. Shekara hamsin ban taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa, haka aka tarbiyyantar da mu. Ban san lokacin da na miƙe ba, gwiwar ma ban ji ta ba. Na ji dai wata murya ta cika ɗakin tana cewa, "Dauda! Dauda, tashi!" Ashe tawa ce.

Ya buɗe ido ya dube ni kamar bai san ni ba. Na kama shi a wuyan riga na ja, ƙaton nan, na fitar da shi har titi. Shi ba takalmi, ni ba mayafi, matan layi suna kallo. Abin da ya ƙi gaya maka ke nan. A mota ya kifa kai a sitiyari ya yi ta kuka, na ce ya ja mu tafi kafin ya ƙara kunyata ni.

Kwana goma sha biyu gidan yana tsaye, ni kuma ina ƙoshe da fushinka. Har na fara tsara wasiƙar da zan rubuto maka, mai zafi, in ce ga shi nan ka raba ni da gidana a banza. Ranar huɗu ga azumi bayan la'asar Khairiyya ta kira kawunka ta ce bayan gidan ya rufta. Ba kowa a ciki, ba kowa a layin baya, Allah ya tsare. Ta ce ba wata babbar ƙara ma, kamar an juye tifar yashi.

Na ce sai an kai ni. Washegari da safe muka je, aka tsayar da mu bayan igiya. Gaban gidan yana nan lafiya lau, har da labulen taga. Da muka zagaya sai na ga ɗakina a buɗe kamar an yanka kankana. Bangon baya ya tafi cikin ramin da rabin rufi. Gadon yana nan, ƙafafunsa biyu a sama, sauran an danne shi da kankare. Zanin gadon da na shimfiɗa da safiyar ranar da na fita, mai fulawa kore, gefensa yana lilo a iska. Aka kawo mini kujera daga shagon mai wanki na zauna.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma wata ne na azumi, ba na so in riƙe shi. Ka ce laifinka ne, ba ka bayyana mini ba. Ka sauke wannan kayan, ba naka ba ne. Na farko da ya fashe, da gaske na zaci kwaɓina ne. Na biyu kuwa na sani. Shekara talatin ina miƙa wa magini kwano, na san kwaɓi mai kyau in na gan shi. Na gane sarai abin da farin tambarin nan yake gaya mini, na ɗauki cokali na rufe masa baki, sau bakwai bayan nan, don in na bar shi a buɗe dole in yi wani abu.

Na yafe maka, kai ma ka yafe mini mako biyun da na sa ka yi barci a kan ƙarya.

Bangon ɗakin da suka ba ni a nan sumul yake kamar ƙwai. Kullum bayan asuba sai na bi shi da tafin hannu daga kusurwa zuwa kusurwa. Matar kawunka ta gan ni sau biyu, ta wuce abinta, Allah ya yi mata albarka.

Ka zo da salla in an ba ku hutu.

Kakarka,
Zubaidatu